Galma Ɗari da Ashirin a Kasuwar Tasawa

Tun ranar da na dawo daga Faransa, kamar yadda mutanenmu har yau suke kiran ƙasar Nijar, ba ni da sakat. In na je tasha a Funtuwa tambaya, in na zauna teburin mai shayi a Malumfashi tambaya, har a bakin masallaci sai wani ya riƙe mini hannu: "Malam Isiya, yaya Faransa? An sayar?" Wasu da gaske suke son ji. Wasu kuwa sun riga sun ji, fuskata kawai suke son gani. To ga shi na rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in sha shayina.

Gidanmu gidan ƙira ne a Dayi. Babana Audu Maƙeri ya fi shekara talatin yana ƙera galma, kuma daga Dayi har ƙauyukan Malumfashi da wuya ka sami gandun da ba a taɓa huɗa da galmarsa ba. Yayana Haruna shi ya tsaya bakin wuta tare da shi. Ni kuwa ni aka zara aka ba makarantar boko lokacin da aka ce kowace unguwa ta kawo yaro, don haka tafin hannuna bai taɓa yin kanta ba. Abin da na iya alƙalami ne. Da kaka nakan sami aikin malanta a kasuwar auduga, in an rufe kasuwa in dawo gida in zauna a maƙera ina kallo, ana yi mini sannu kamar baƙo. Wannan zaman ya daɗe yana ci mini rai.

Shekara uku ke nan garmar shanu tana shigowa ƙasarmu. Duk wanda ya mallaki bijimai biyu ya daina zuwa wajenmu. Ciniki bai mutu ba, amma ya rame, kuma na ga abin yana damun Baba ko da yake ba ya faɗa. Sai na kai kukan wajen Alhaji Lasisi, Bayaraben nan mai kantin kayan keke kusa da tashar Funtuwa, wanda ya yi shekara goma yana yi wa wani kamfanin Turawa aiki kafin ya buɗe nasa.

"Malam Isiya," ya ce, "ku matsalarku kuna ƙera kaya ku zauna kuna jiran mai saye. Turawa ko allura ba sa kaiwa kasuwa sai sun rubuta tsarin tallarta. Kana da ilmi, ka rubuta wa babanka."

Ya yago bayan kwalin taya ya jera mini tambayoyi shida. Me kake sayarwa? Wa zai saya? Ina yake? Wa ya riga ka sayar masa? Ta yaya zai ji labarinka? Yaushe za ka kai masa? Ya ce duk wanda ya amsa waɗannan a rubuce ya gama rabin ciniki. Ya kuma ce in na zaɓi kasuwa in je in gan ta da idona tukuna. Wannan shawarar ta ƙarshe sau ɗaya ya faɗe ta, a hankali, yana ba wani mai keke sarƙa. Har yau ina jin haushinsa, don mutumin da yake son a ji maganarsa ai maimaitawa yake yi.

Kasuwar kuwa Tanko direba ya ba ni ita, mai lodin dawa da goro zuwa arewa. Na tambaye shi a tasha ko akwai inda ya sani ba a kai galma. Ya ce shi dai shekara shida yana shiga Tasawa, can gabas da Maraɗi, gari ne na manoma tsantsa, kuma bai taɓa ganin galma ko ɗaya a kasuwarsu ba. Na ce ko ɗaya? Ya ce ko ɗaya, ya rantse da abin da zai kashe shi. Ranar ban taka ƙasa ba har gida.

Kwana tara na yi ina rubutu a littafin makaranta mai layi. Tambayar me kake sayarwa ta ci shafi biyu, na yabi galmar Dayi tun daga kaifin baki har zaman ƙota. Wa ya riga ka, na rubuta babu kowa, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Wajen talla nan na zuba basira, shafi uku cur. Za a buga tambarin tauraro a jikin kowace galma don baɗi mutane su riƙa neman mai tauraro. Za a ɗauki mai shela da makaɗi ran kasuwa su tara jama'a. Sannan Yaya Haruna zai tuɓe riga ya ja kunya a gabansu, su ga aiki da idonsu. Har taswira na zana, da kibiyoyi daga Tasawa zuwa kasuwannin ƙauye da za mu bi daga baya. Tambayar wa zai saya kuwa kalma ɗaya na ba ta: manoma. Na ga ba ta bukatar dogon bayani, don a ganina manomi manomi ne ko a ina yake.

Na karanta wa Baba da Yaya shafi goma sha ɗayan nan a maƙera, ina tsaye, murya a sama. Abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Ƙarfen da Baba ya tara na shekara guda, tsofaffin sifirin mota da guntayen injin gurzar auduga, wanda da shi ake yi wa mutanen gida galmar damina, shi nake so a ƙere duka a kai Tasawa. Mu sayar kafin ruwa ya sauka, mu sayo sabon ƙarfe a Katsina a kan hanyar dawowa, a yi wa mutanen gida tasu. In abin ya ci, maƙerarmu ta sami sabuwar ƙasa. In bai ci ba, damina za ta riski Audu Maƙeri ba galma ba ƙarfe. Yaya ya dubi Baba. Baba ya daɗe yana duban littafin da ke hannuna, sannan ya ce Allah ya sa albarka. Wata biyu da rabi suka yi suna dukan ƙarfe cikin zafin bazara har galma ɗari da ashirin ta cika, kowace da tauraronta.

Ran Talata da hantsi motar Tanko ta tsaya mana a bakin titin Dayi. Mun ɗaure ruwan galma a buhu takwas, ƙotoci dami shida. Tun kafin mu kai Kankiya rigima ta fara. Bakin wata galma ya huda buhunmu ya shiga buhun barkonon wata tsohuwa mai zuwa Katsina, motar kuwa tana tsalle cikin gargada, kafin a ankara duk bayan mota atishawa ake yi ana hawaye. Tsohuwar nan ta zage ni tun daga kakana na farko, ta ce ɗan boko da hular saƙa, wa ya aike ka da kayan maza. Na buɗe baki zan rama, Yaya ya taka mini ƙafa. Shi ya zauna ya ɗinke mata buhun da basilla yana ba ta haƙuri, har ta ba shi goro. Ni ko kallo ban ishe ta ba.

A Katsina muka kwana a zauren wani dillalin fatu kusa da tasha. Warin wurin ba zan iya kwatanta shi ba, kuma tuwon da aka kawo mana da yamma miyarsa ruwa ce da aka nuna wa kuka daga nesa. Wannan duk ban damu ba, Katsina gida ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne Tanko, wanda ya ce da asuba za mu tashi, amma sai da rana ta take tsaka muka same shi a gindin bedi ana yi masa aski, yana ba da labarin wata mota da ya tsere wa shekara biyu da suka wuce.

Bayan Jibiya da kaɗan muka isa iyaka. Ba wani abu ba ne, sanda ce aka gitta a kan ganga biyu, da ɗaki mai farar ƙasa da tuta. Abin da ya fara ba ni tsoro, muna ƙetare sandar sai Tanko ya karkata motar ya koma hannun dama. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, na yi salati da ƙarfi, fasinja suka yi ta dariya. Ashe su can a dama suke tuƙi. Mutane iri ɗaya, harshe ɗaya, sallah ɗaya, amma saboda Baturen wani daban da na wani sai mota ta sauya hannu a tsakiyar daji.

Wani jandarma, wato ɗan sandan can, mai gajeren wando ya sa aka sauke kayanmu. Ya buɗe buhu ya ga ƙarfe mai kaifi, ya sha mur. Ya laluba jakata ya ciro littafin. Hausa yake ji sarai, amma karatunsa na Faransanci ne, ya kasa haɗa baƙaƙenmu, sai ya yi ta buɗa shafi har ya faɗa kan taswirar nan mai kibiyoyi.

"Mi ne ne wanga?"

"Tsarin talla ne, ranka ya daɗe. Kasuwanni ne."

"Kasuwa da kibau? Kai da ƙarfe buhu takwas? Sai shef ya gani."

Shef ɗin, wato babbansu, ya tafi Maraɗi sai gobe. Tanko ya ce shi goro ya ɗauko, goro ba ya jira, ya tada mota ya bar mu a gindin wata aduwa da tulin galma. Na bi shi da gudu ina kiransa, ya fito da hannu ta taga ya yi mini sai wata rana. In kun gan shi a tasha ku faɗa masa ban manta ba.

Washegari shef ya dawo da hantsi, amma kafin a zo kanmu rana ta yi tsaka, su kuwa can da rana ta take ake rufe ofis kowa ya je ya kwanta har la'asar, ko da gari na ci da wuta. Wannan al'ada ban taɓa jin irinta ba. A wajenmu malamin ofis in ya yi gyangyaɗi ɓoyewa yake yi, can kuwa doka ce. Muna zaune muna shan furar wata Bafillatana, fura mai kyau, ba zan ci amanarta ba, amma fura da safe fura da rana fura da yamma ai sai mutum ya manta yana da haƙora. Can yamma na ga hadari ya taso ta kudu, wajen gida, ya yi baƙi ya watse. Yaya ma ya gani.

Sai rana ta uku shef ya kira ni, wani dogo baƙi mai tsagen arewa. Ya ce in karanta masa littafin daga farko har ƙarshe. Na tsaya na karanta kamar ranar jarrabawa. Da na zo wajen jan kunya a gaban kasuwa sai na ga ya rufe bakinsa da hannu. Na gama, ya buga hatimi a wata 'yar takarda, ya miƙo mini littafin da hannu biyu, ya ce, "Mushe, rubutunka da kyau. Allah shi ba da sa'a." Mushe shi ne malam a wajensu. Na fito ina hura hanci an ce mini mushe. Yanzu da nake tuna hannun nan da ya sa a baki, ji nake kamar in koma in tambaye shi ko kalma ɗaya ta gaskiya tsada take yi masa.

Wata motar gyaɗa da ta dawo wayam ta kwashe mu zuwa Maraɗi. Gari ne babba mai tituna a miƙe, Hausarsu irin ta Katsina ce amma ta tsofaffi, ga kalmomin Faransanci a tsakani. Makaranta lakwal, babbar mota kamiyo. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a hammata ake ɗaukarsa, ɓawonsa ya fasa mini dasashi. Tuwonsu na gero ne, dawa sai ka nema. Mun sauka wajen wani mai masauki, Malam Sha'aibu, dattijo mai fara'a da ke karɓar fataken kudu. Shi kam ya yi mana karamci, har zabo aka yanka. Bayan mun ci ya ce a nuna masa hajar. Yaya ya ciro guda ya sa mata ƙota. Malam Sha'aibu ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya yaba ƙira.

"Aiki ya yi kyau. Nan bakin gulbi akwai masu aiki da irinta, amma suna da maƙeransu. Ina za ku da ita?"

"Tasawa."

"Tasawa? Ɗana, ai mutanen can..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na san halin dillalai, na ce a raina so yake ya kashe mana gwiwa ya saye a arha. Na buɗe littafi na nuna masa shafi na huɗu, na ce duk an bincika an rubuta, can babu galma ko ɗaya. Ya dubi rubutun, ya dube ni, ya ce, "To, tunda a rubuce yake." Ya koma zancen tsadar gishiri. Yaya ya ce da ni da muka fito alwala, "Isiya, da ka bari ya gama." Na ce Yaya kai ka san wuta, ni na san mutane. Wannan maganar ni na faɗe ta da bakina, kuma ba ta bar kunnena ba har yau.

Hanyar Tasawa yini guda ta ci mana. Ina bayan mota ina kallon gonaki, shimfiɗa guda har iyakar gani, rairayi fari, karan geron bara a tsaye jefi-jefi. Wani abu ya riƙa damuna ban gane ko mene ne ba. Yaya ne ya faɗe shi, a hankali, kamar mai magana da kansa. Ya ce, "Ban ga tsohuwar kunya ba tun safe." Na ce iska ce ta shafe.

Ran kasuwa na bi tsarina layi-layi, kuma in faɗi gaskiya, wajen talla ba a taɓa yin tsari mai kyan nawa ba. Na sami mai shela mai murya kamar kakaki, na sami mai kalangu. Muka jera galma a kan tabarmi, taurari suna walƙiya. Mai shela ya zaga rumfuna yana kiran manoma su zo su ga abin da Ingila, wato ƙasarmu a bakinsu, ta aiko, galmar Dayi mai tauraro, ta Audu Maƙeri. Sunan ubana ya shiga kowane lungu na kasuwar nan. Jama'a ta taru har masu raƙuma suka bar raƙumansu. Da na sa an tara mutum goma kawai, da abin ya zo da sauƙi.

Yaya ya tuɓe riga a wani fili bayan rumfar masu gishiri, ya tofa yawu a hannu, ya duƙa. Kun san huɗar Haruna. Ya kafta ta dama ya kafta ta hagu, yana tafiya kamar an ja zare. Amma ƙasar ba ta tsaya ba. Duk inda ya tara sai rairayin ya zube ya koma inda ya fito, kafin ya kai ƙarshen layi farkon ya kusa shafewa. Ya sake dawowa ya ƙara ƙarfi, gumi yana zuba. Har mai kalangu ya sassauta. Can wata mata mai tallan daddawa ta tambayi ta kusa da ita, ba da ƙeta ba, da gaske take tambaya, ta ce, "Wane ne ya mutu?" Dariyar da aka yi ba ta da kyan ji.

Wani tsoho ya fito daga cikin taron ya dafa kafaɗar Yaya ya ce ya miƙe haka nan. Ya aika aka kawo masa tasa hauyar. Ƙotarta ta fi ni tsawo, bakinta ɗan ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe mai fiffike biyu. Ya riƙe ta yana tsaye ƙyam, ya tura ta gaba ƙarƙashin rairayi kaɗan, ya jawo, ya taka, ya sake turawa. Ko ƙugunsa bai lanƙwasa ba.

"Haiwa ta tsaye ke nan," ya ce. "Da ita muke noma. Ƙasarmu ba ta son a birkice ta. In ka tada ta haka, iska ta kwashe, rana ta shanye ɗan sanyin da ke ciki, hatsi ya ƙone. Kuma gonata daga nan har waccan kuka take. In na duƙa mata da wanga abu naku, wa za shi tada ni?"

Na ce, "Baba, amma ai ba ku taɓa gwadawa ba."

"Kakanninmu sun gwada, ɗana. Shi ya sa ba ka ganin ta kasuwa."

Har aka tashi kasuwa guda biyu muka sayar. Ɗaya wani mai gina rijiya ya saya, ɗaya wani mai kwaɓa ƙasar gini. Na zauna a kan damin ƙota raina yana tafasa, ina zagin Tanko a zuci. Sai dai duk yadda na juya maganarsa ban sami ƙarya a ciki ba. Ya ce babu galma a Tasawa, kuma babu. Ban tambaye shi dalili ba.

Komawa da kayan ba ta yiwuwa. Guzurinmu ya ƙare a zaman iyaka da motoci biyu da mai shela, kuma ba direban da zai ɗauki ƙarfe buhu takwas ya ƙetare da shi don Allah. Tsohon nan ne ya kai mu wajen maƙerin garin, wani mai ido ɗaya. Ya duba galma ya ce ƙarfe ne mai kyau, irin wanda ba sa samu, zai saya a matsayin ƙarfe, ya sare kowace ya fitar da haiwa uku. Abin da ya bayar ya isa ya kai mu gida, bai isa ya sayi ƙarfen da za a ambata ba. Ƙotocin kuwa matarsa ta ce a bar mata, itacen girki yana wuya a can.

Maƙerin ya sa ta farko a wuta don ya gwada. Da ta yi ja ya ɗora a kan maƙera ya ɗauki kurfi, abin saran ƙarfe, sai Yaya ya miƙa hannu ya ce a ba shi. Ya ce shi ya san inda ya ninka ta, in aka sara ba daidai ba ƙarfen zai tsage. Ya ɗora kurfin a tsakiyar tauraron, mai ido ɗaya ya buga masaba. Haka ya tsaya ya nuna masa guda biyar, aikin da ya yi wata biyu da rabi yana yi. Ni na fita waje, don ba zan iya kallo ba. Da ma ya zage ni ko ya mare ni, da na sami inda zan sauke abin da ke cikina. Bai yi ko ɗaya ba. Daga Tasawa har Katsina maganar da ta haɗa mu ba ta wuce lokacin sallah ba.

Tun daga Kankiya muka ga ƙasa a jiƙe. Kafin mu kai Dayi dawa ta yi ganye huɗu, ruwa ya sauka kwana goma sha biyu da suka wuce. Yaya ya sauka daga mota ya wuce gidansa kai tsaye. Ni na nufi maƙera. Wuta a mace, toka ta yi sanyi, Baba yana zaune a kan buzunsa yana gyara wata tsohuwar lauje da hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Duk hanya na shirya abin da zan ce, na jera masu laifi, direba da jandarma da shef da Alhaji Lasisi. Na fara zubawa ina haki, har na zo kan hauyar mutanen can. Na miƙe ina kwatanta masa da hannu, na ce wani abu ne, Baba, dogo, bakinsa kamar, kamar...

"Kamar fiffiken tsattsewa," ya ce, bai ɗago ba. "Ana ɗan karkata kunnuwan baya, in ba haka ba sai ta nutse. Haiwa ta tsaye."

Na koma na zauna.

"Baba, ka san ta?"

"Na ƙera ta. Shekarar da aka yi fari ina saurayi, rani biyu na yi a wani ƙauye arewa da Tasawa ina yi wa wani maƙeri zuga."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba, abin da ban taɓa yi a gabansa ba tun da aka haife ni. Na ce to don me ka yi shiru? Na tsaya a nan na karanta maka, ka ji sunan garin, ka bar mu muka kwashi ƙarfen shekara muka tafi aka yi wa Yaya dariya a tsakiyar kasuwa, aka yi shelar sunanka a kan abin kunya. Kalma ɗaya ta isa, Baba.

Ya ajiye laujen. Bai yi fushi ba, shi ya fi ci mini rai.

"Na so in faɗa," ya ce. "Sai na ga shafi goma sha ɗaya. Na ce a raina, ni rabona da can shekara arba'in, ƙila sun sake noma, ƙila Turawansu sun koya masu huɗa. Yaron nan an kai shi makaranta, ya yi tambaya, ya rubuta. Ni ko alif na boko ban sani ba. Na ɗauka takarda ta san abin da ban sani ba. Kuma tun da ka dawo daga makaranta ban taɓa ganin ka shigo maƙerar nan da murna ba sai ranar. Ban so in zama ni na kashe ta ba."

Haushin da na ɗauko tun daga iyaka yana nan bai ragu ba, sai dai na rasa wanda zan ɗora wa in ba wanda ya rubuta littafin ba. Na tambayi direba, na tambayi mai kantin keke, mutumin da ya ƙera hauyar Tasawa da hannunsa kuwa karanta masa na yi.

Muna zaune haka aka yi sallama a ƙofa. Wani manomi ne daga ƙauyen yamma, dattijo, ya zo a ƙafa cikin caɓi, ya ce huɗa ta matso, galma biyu yake so irin ta kullum. Na yunƙura zan fita in yi masa bayani, tunda ni na jawo. Baba ya riƙe mini gefen riga ya zaunar da ni. Ya dafa bango ya miƙe, ya gyara hularsa, ya fita da kansa ya ba mutumin haƙuri, ya kwatanta masa gidan wani maƙeri a Malumfashi.